Kujera Ɗaya, Saje da Laftana

Babanmu soja ne, irin wanda ko ya tuɓe kaki, kakin bai tuɓe shi ba. Saje ne mai igiya uku a damtse, aikinsa koya wa kurata fareti, kuma in ya ba da baya Aradu suke ce masa saboda muryarsa. Mu ma a gida mun sha ta. Ni ce babbar 'yarsa, ɗinki nake yi, ina da ɗan shago a bakin hanyar da ta nufi ƙofar bariki. Tun da idon Inna ya fara rauni, ni nake ɗinka masa igiyoyin nan a hannun riga. Sai ya tsaya a kaina da tef yana auna ko sun karkace, ni da manyan mata suke kawo wa kaya ba mai ce mini uffan. Inna takan ce igiya shida ce a gidanmu, uku na aurenta, uku na gwamnati, kuma ba ta taɓa yaudarar kanta ba a kan waɗanda ya fi riƙewa da kyau.

Ba na ganin laifinsa sosai, ko da yake ya sha ƙular da ni. Dako yake yi a tasha lokacin da yayansa, Baffanmu, ya ja hannunsa ya kai shi aka ɗauke shi soja. A can ya fara sa takalmin da yake nasa ne, a can ya koyi rubuta sunansa, a can aka fara kiransa da wani abu wanda ba "kai mai dako" ba. Duk abin da ya sani game da wane ne a sama wane ne a ƙasa a duniyar nan, a bariki ya koye shi, kuma ya riƙe shi kamar karatun da ba a canja masa wasali.

Bangon falonmu cike yake da hotunan sojoji, kuma tun muna ƙanana ya koya mana yadda ake karanta su. Kurtu, in ji shi, a tsaye ake ɗaukarsa gaban farin ƙyalle, fuska da ƙirji kawai, don ba shi da abin nunawa. Kofur da saje su ma a tsaye, amma akan ɗan juya su gefe don hannu ya fito, tun da arzikinsu a damtse yake. Hafsa kuwa zama yake yi. Hula a kan gwiwa, takobi a jingine, safar hannu fara, labule mai nauyi a bayansa, kafaɗu suna fuskantar kyamara domin aninin da ke kansu ya ɗauki haske. In hafsa da na ƙasa da shi suka shiga hoto ɗaya, hafsa ne a kujera, ɗayan yana tsaye a baya. Wannan ba ya buƙatar a tambaya.

Haka kuma ya jera hotunan, bisa muƙami. Baffa da ya goya shi, ya kai shi soja, a kofur ya yi ritaya, saboda haka hotonsa a ƙarƙashin na Baba yake. Ranar da Baffa ya zo ya gani, ya daɗe yana kallon bangon, ya sha shayinsa, ya ce a gaida yara, ya daɗe bai sake taka gidan ba. Hoton Baba da Inna na farkon aurensu kuwa ba shi da muƙami, sai aka tura shi ɗakin kwana.

Akwai dalilin da ya sa maganar kujera take taɓa shi fiye da kowa. Inna ce ta ba ni labarin, shi bai taɓa ɗauko shi ba. Yana kofur, sabon ango, jini yana tafasa, suka je shagon mai hoton bariki shi da abokansa. Suka zuga shi ya hau kujerar hafsoshi, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya sa hula a gwiwa. Hoton ya yi kyau, kyan da ya ja masa, don mai hoto ya liƙa shi a gilashin shago yana tallar aikinsa. Wani kyaftin ya wuce ya gani. Aka sa Baba gwale-gwale a rana, aka kuma rage masa igiya ɗaya. Inna ta ce ita ta farke ta da reza, shi yana zaune ya juya fuska bango, kuma shatin zaren ya daɗe a rigar bai goge ba. Sai da ya yi shekaru kafin ya dawo da ita. Daga ranar bai sake zama gaban kyamara ba, ko a farar hula.

Mu mata ne a gidan, sai Auta, namiji ɗaya tilo. Baba ya rantse ɗansa ba zai shiga soja ta ƙofar da shi ya shiga ba. Ya tsare shi a kan karatu kamar mai gadin kurkuku, har Allah ya sa aka ɗauke shi makarantar hafsoshi. Ranar da Auta ya dawo gida da anini ɗaya a kowace kafaɗa, laftana sabo fil, Baba ya fito bakin ƙofa cikin kaki, ya ƙame, ya sara masa. Muka fashe da dariya, mu a zatonmu wasa ne. Auta ma ya yi dariya, ya durƙusa zai gaishe shi. Baba bai sauke hannu ba. Sai da Auta ya miƙe ya amsa sarawar, fuskarsa duk ta canja, sannan aka shiga gida.

Daga nan abin ya zama ciwo. In Auta ya shigo falo, Baba ya miƙe. In ya yi magana, Baba ya ce "Yallaɓai". Sun saba cin abinci a kwano ɗaya tun Auta bai iya wanke hannu ba, sai ga Baba yana cewa a zuba wa Yallaɓai nasa daban. Auta ya koma biyowa ta shagona yana tuɓe kaki, ya sa riga da wando na gida kafin ya ƙarasa, ko Baba zai sassauta. Baba ya ce hafsa hafsa ne ko da tawul ya ɗaura. Ya ma buga sabuwar ƙusa a bango, sama da tasa, tana jiran hoto. Auta yaro ne mai haƙuri, amma haƙurinsa irin na Baba ne, mai taruwa a ciki. Na ga yana rage zuwa gida, na ga Inna tana ramewa, ni kuma raina yana ɓaci da su duka biyun.

Shi ma Baba ta shagona yake biyowa, amma don wani dalili. Ƙafarsa ta hagu ta fara kumbura daga gwiwa zuwa ƙasa. Zai yini a tsaye a filin fareti yana tsawa, in an tashi ya shigo ta ƙofar baya, ya zauna kan buhun ƙyallaye, ya ɗora ƙafar a kan akwatin keken ɗinki yana numfashi ta baki. Ni na buɗa masa ƙafar wando don kar a gane, ni nake naɗe masa gwiwar. Ya kusa ritaya, kuma burinsa ɗaya ne, a yi masa faretin sallama ya fita ƙofar bariki da ƙafarsa. In aka san halin da yake ciki, likitan soja zai cire shi daga fili tun kafin lokacin. Ya sa na rantse ba zan gaya wa kowa ba, musamman Auta. Na ce Auta ai ɗanka ne. Ya ce wanda ya gaya wa hafsa ya gaya wa gwamnati. Haka shagona ya zama wurin ɓuyan mazan gidanmu, wannan ya zo ya ɓoye kakinsa, wancan ya zo ya ɓoye ƙafarsa, ni ina tsakiya da allura a baki.

Ana cikin haka aka tura su Auta bakin iyaka, inda ake faɗa. Inna, wadda ba ta cika neman komai ba, ta ce kafin ya tafi tana son hoton su biyu, uba da ɗa, kowa cikin kakinsa. Ba ta faɗi dalili ba, ba kuma wanda ya tambaye ta, don duk mun san irin hoton da uwa take nema in za a kai ɗanta wurin nan. Baba ya ce to, Yallaɓai zai zauna shi ya tsaya a baya. Auta ya ajiye cokali. Ya ce ya jure a ce masa Yallaɓai a gidan da aka haife shi, ya jure kwano daban, amma ba zai zauna ubansa yana tsaye a kansa kamar odale mai yi wa hafsa hidima ba, a kuma rataya abin a bango jikoki su gani. In haka ne a bar hoton, kuma shi a bariki zai kwana, daga can ya wuce. Baba ya ce yadda Yallaɓai ya ga dama. Auta ya tashi ya fita bai gama cin abincin ba.

Washegari ita ce ranarsa ta ƙarshe a gari. Inna ta zo shagona da safe, ta zauna ta jira har na kashe keke. Sannan ta ce in yaron nan ya tafi bai kwana a gida ba, bai yi sallama da ubansa ba, kuma wani abu ya faru, gidanmu ba zai sake zama gida ba. Ta ce in san yadda zan yi. Ni ce kullum ake cewa in san yadda zan yi. Na je na sami Auta na yi masa ta yayye, na ce ya zo shagon hoton ko don Inna, in ya so a can a san abin yi. Na ce wa Baba Yallaɓai ya ce a haɗu da la'asar. Na goge kakin su biyu da sitati har karin wandon yana iya yanka hannu, ina guga ina addu'a ina masifa, na aika musu da shi bariki.

Mai hoton shi ne dai na da, ya tsufa, ya ranƙwafa, kowa Kar-ka-motsa yake ce masa. Shagon ɗaki ne dogo marar taga. Daga ƙofa akwai benci na masu jira, sai wani baƙin labule da ya raba wurin biyu, sai can ƙurya fitilu biyu masu zafi, kyamara a kan ƙafafunta, da jan labule mai nauyi a bango. Kujerar tana gaban jan labulen, ta katako mai hannuwa, an sake mata yadi amma ita ce. Da Kar-ka-motsa ya ga Baba ya shigo da jar ɗamara a ƙirji da sanda a hammata, Auta a bayansa da anini yana walƙiya, sai na ga ya dubi kujerar ya dubi Baba. Bai manta ba shi ma. Kan benci kuma kurata ne zaune suna jiran layi, daga cikin waɗanda Baba yake horarwa. Suna ganinsa suka zabura suka ƙame, ya wuce su kamar bai ga mutane ba.

Baba ya tafi kai tsaye bayan kujerar, ya tsaya daga dama, ya ɗan juya kafaɗa yadda igiyoyin za su fito, ya ƙame. Auta ya tsaya a tsakiyar ɗaki da hula a hannu. Kujerar tana tsakaninsu ba kowa a kai.

Kar-ka-motsa ya yi ta 'yan dabaru. Ya goge gilashin kyamara, ya matsar da fitila, ya dawo da ita inda take. Daga baya ya ce, cikin lallami, ko a ɗauke kujerar ne gaba ɗaya, su tsaya kafaɗa da kafaɗa. Baba, bai ko juya kai ba, ya ce kafaɗa da kafaɗa na masu muƙami ɗaya ne, wannan ya fi na farko muni. Na ce to Inna ta zauna su biyun su tsaya a bayanta. Inna ta ce ita ba fuskarta take son gani a bango ba, Baba kuma ya ce ko a bayan wa aka tsaya, jere jere ne. Na ji kamar in ɗauki kujerar in rotsa ta a ƙasa kowa ya huta.

Auta ya yi magana a hankali, don kar na kan benci su ji. Ya ce, "Baba, don girman Allah. Yau kaɗai. Kai ka haife ni."

"Hoto ba ya bayani, Yallaɓai," in ji Baba. Idonsa yana kan kyamara, muryar tasa ƙasa-ƙasa, abin da ban saba ji ba. "Wanda zai gan shi bai san wa ya haifi wa ba, kafaɗa zai duba. Waɗanda za ka zauna cin abinci da su 'ya'yan kanar ne da 'ya'yan manya. Sun riga sun san ɗan saje ne kai, suna jira ne kawai su ga ka tsaya inda ɗan saje yake tsayawa. Ban yi shekarun nan a rana don ka tsaya a bayan igiya uku ba."

Nan na gane ashe ba taurin kai ne kaɗai ba, tsoro ne, kuma tsoron ba na kansa ba ne. Tausayinsa ya kama ni, haushinsa kuma bai sake ni ba. Auta ya ce shi bai taɓa jin kunyar igiya ukun nan ba, su suka ciyar da shi. Baba ya ce shi ya sa.

Fitilun nan zafi gare su kamar bakin murhu. Gumi ya fara bin wuyan Baba yana shiga kwalar da na sha wahalar gogewa. Ni ba fuskarsa nake kallo ba, ƙafar hagu nake kallo. Ya riga ya yini a fili, ya tako daga bariki ba tare da ya biya ta shagona ya huta ba, ga shi a ƙame, duk nauyinsa a kan dugadugai. Karin wandon ya fara rawa, kaɗan-kaɗan, daga gwiwa zuwa ƙasa. Sandar tana hammatarsa, da zai sauke ta ya dogara da an wuce wurin, amma na san gara ya faɗi da ya yi haka. Labulen tsakiya bai rufe duka ba, ina hango idanun kuratan ta gefensa. In Aradu ya zube a gabansu, kafin magariba duk bariki ya ji.

Auta ya dubi Inna ya ce ta yafe masa, ya yi iya ƙoƙarinsa. Ya juya zai fita. Inna ta sa gefen mayafi a baki. Na sha gabansa na tsaya a bakin labule. Na rantse ba zan faɗa ba, kuma ban faɗa ba. Na ce masa, "Kai da aka koya wa duba fareti, ga soja can a tsaye. Duba shi da kyau kafin ka fita."

Ya harare ni, yana zaton zolaya ce. Da ya ga fuskata sai ya juya. Ya fara daga hula, yadda aka koya musu, ya sauko kwala, maɓallai, ɗamara, bel. Da ya iso gwiwa sai idonsa ya tsaya. Ya ga rawar. Ya ga ƙafar wandon hagu ta fi ta dama faɗi. Ya ga igiyar takalmin hagu ba ta haɗe bakin takalmin ba, an ɗaure ta ne a kan kumburi. Ya daɗe yana kallo. Baba ya san abin da ake kallo, na ga muƙamuƙinsa ya motsa, amma bai sauke ido daga kyamara ba.

Auta ya ɗaga hularsa ya sa a kai, ya gyara ta da hannu biyu. Ya taka ya tsaya gaban Baba. Muryar da ta fito daga bakinsa ban taɓa jin ta ba, ba ta da ƙarfi, amma ba ta bar wurin musu ba.

"Saje."

"Yallaɓai."

"Zauna a kujerar nan."

"Yallaɓai, a ƙa'ida hafsa ne yake..."

"Ban tambaye ka ƙa'ida ba. Umarni na ba ka."

Inna ta kama hannuna ta matse. A rayuwata ban taɓa jin wani a gidanmu ya katse wa Baba magana ba, balle Auta da ko ido ba ya haɗawa da shi. Ban san wanda zai amsa ba, uban ko sajen. In uban ne, to mari zai iya biyo baya, a gaban kurata, a fuskar hafsa, kuma wannan ba a bangon gida zai ƙare ba.

Baba ya dubi Auta ido cikin ido, abin da ya daina yi tun ranar da aninin nan ya shigo gidanmu. Sannan ya ɗaga hannu ya sara, ya zagayo gaban kujerar, ya zauna. Bai zauna irin na hafsoshi ba. A bakin kujerar ya ɗosana, baya a miƙe bai taɓa jingina ba, hula a kai, sanda a kan cinya, hannaye a dunƙule kan gwiwa. Ya dai ɗan juya damtsen dama wajen haske, wannan kam jiki ya saba. Auta ya koma bayansa ya tsaya. Idanunsa sun yi ja, laɓɓansa a matse. Kar-ka-motsa ya leƙa kyamara, ya faɗi kalmar tasa, haske ya walƙa.

Ya ce an gama. Ya kashe fitila ɗaya. Inna ta saki hannuna ta ce alhamdu lillahi, a tashi a tafi gida. Baba bai motsa ba. Ta sake cewa, Malam, an gama fa. Ya ce ba a sallame shi ba.

Auta ya buɗe baki zai ba da umarnin, ni kuma na ga abin da bai gani ba daga inda yake tsaye. Hannayen Baba sun bar gwiwa sun koma kan hannuwan kujera, jijiyoyinsu sun tashi. Ya riga ya gwada tashi, ƙafar ta ƙi. In aka ce ya miƙe ya kasa, zai zama karo na farko da aka ba shi umarni bai cika ba, kuma a bakin ɗansa. Na girgiza wa Auta kai. Ya zagayo ya dubi hannayen, ya rufe bakinsa.

Ya leƙa ta labule ya ce wa kuratan su koma bariki, mai hoto ya tashi aiki, su dawo gobe. Muka ji takalmansu suna gudu a kan titi. Kar-ka-motsa ya ce bari ya duba wani abu a ɗakin wanki, ya shige ya ja ƙofa. Auta ya cire hularsa ya miƙo mini. Ya durƙusa gaban kujerar, gwiwa a ƙasa, a kan wandon da na ɓata safiya ina gogewa.

"Baba, kama nan," ya ce, yana nuna kafaɗarsa.

Baba ya ɗaga hannu, hannun ya tsaya a iska. Babu inda zai dafa sai kan aninin. Ya ce zai ɓata masa guga.

"Yaya za ta sake," in ji Auta.

Na ce ai ni ce baiwar gidan, sai dai in ban da rai. Ba wanda ya yi dariya. Baba ya sauke tafinsa a kan kafaɗar, ya rufe aninin ruf, ya damƙe. Auta ya zagaya da hannu ta bayansa, suka miƙe tare a hankali, Baba yana cije leɓe. Da suka tsaya bai saki ba. Ya tambaya, ba tare da ya dube shi ba, ko yanzu da ya gani zai kai rahoto.

Auta ya gyara riƙon da ya yi masa. Sannan ya ce, "Da sassafe zan tafi, Baba. Kayana ma ban haɗa ba, suna gida. Ina na ga lokacin rubutu?"

Na ga Baba ya saki nauyinsa gaba ɗaya a kan yaron, har Auta ya ɗan tanƙwara kafin ya daidaita. Muka fita ta ƙofar baya, muka bi lungun da ba ya bi ta gaban bariki. Inna tana gaba tana share ido da gefen mayafi, su biyun suna tsakiya suna tafiyar da ƙafar ta yarda da ita, ni ina baya da hular laftana a hannu ɗaya da sandar saje a ɗayan. Sai da muka kai ƙofar gida na tuna ba wanda ya tambayi mai hoto yaushe za a zo a karɓa.